Uwar Wani Na Je Yi Wa Jinya a Napoli

Abin da na fara sani a birnin Napoli shi ne bakin tashar jirgin ƙasa, domin a nan na wuni ranar da na sauka, zaune a kan jakata, ina ta kiran lambar da ta ƙi shiga.

Sunana Rifkatu. Iyayena mutanen Kaltungo ne, amma a unguwar Madaki ta Gombe na buɗe ido. Na yi karatun kiwon lafiya, na yi aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi har mai shi ya rufe ya bar gari. Mijina Bitrus direba ne, hanyar Bauchi ta cinye shi, ya bar mini 'ya ɗaya, Godiya, da fili ɗaya wanda ko harsashi ba a haƙa ba. Filin nan na sayar na damƙa wa wata mata da muke ce wa Madam Esta, wadda takan zo daga Turai duk Kirsimeti ta sauka a GRA. Ita ta ce akwai gidan kula da tsofaffi a Italiya da ke neman irina ruwa a jallo. Godiya tana aji biyu na firamare na bar ta a hannun mahaifiyata.

Adireshin da Madam Esta ta ba ni, da na je, shagon wankin tufafi na tarar, an rufe shi har ƙofar ta yi tsatsa. Na dawo tasha don ban san wani wuri ba. Da rana ta karkata na kira Mama, na gyara murya, na ce na sauka lafiya, sun karɓe ni hannu bibbiyu, har ɗaki sun ba ni. Ina kashe wayar sai na ji magana a bayana, da Hausa.

"Baiwar Allah, tsohuwa kike yi wa ƙarya haka?"

Wani dattijo ne siriri, ya baza lema da rigunan waya a kan kwali yana sayarwa. Ya ce sunansa Malam Idi, daga zangon Kumasi yake, kuma a garin nan furfura ta same shi. Bai tambaye ni labari ba, ya ce ya ga irina a kan irin wannan jaka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ya naɗe kayansa ya ja ni wani shagon kofi, ya faɗa wa mai shagon wata kalma, sai ga ƙaramin kofi an ajiye a gabana, ba a ce a biya ba.

"Al'adar garin ce," in ji shi. "Wanda ya samu walwala sai ya sha ɗaya ya biya biyu. Na biyun a rataye yake, yana jiran wanda ba shi da ko sisi. Sha, wani da ba za ki taɓa gani ba ne ya saya miki."

Kofin ɗaci gare shi kamar maɗaci. Na shanye shi tas, ina hawaye.

Malam Idi ya haɗa ni da wata 'yar Ghana da ta ba ni gefen katifa. Na fara wanke matattakalar benaye ana ba ni abin da aka ga dama. Bizar da na shigo da ita ta 'yan ziyara ce, ba a daɗe ba ta ƙare, na zama cikin waɗanda in sun hango ɗan sanda sukan sake hanya. Garin kuwa ba irin Turai ɗin da muke gani a talabijin ba ne. Lunguna ne matsattsu kamar na cikin unguwar Shamaki ta Gombe, sai dai gidajen sun yi sama har rana ba ta kai wa ƙasa, an ɗaura igiyoyi daga wannan taga zuwa waccan, shanya na lilo a kan mutane. 'Yan babur ɗinsu sun fi 'yan acaɓanmu hauka. Duk inda ka juya kuma, in lungu ya buɗe, sai ka hango dutsen Vesuvio ya yi zaune a bayan teku. An ce a zamanin da ya taɓa aman wuta ya binne garuruwa da mutanensu, kuma har yau bai mutu ba, barci yake. Na tambayi wata mai sayar da tumatir yadda suke iya kwana a gindinsa, ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To ina za mu je?"

Ita wannan mai tumatir ɗin ce ta samo mini aikin jinya a unguwar Sanita. Wani mutum mai suna Ciro, yana da shagon gyaran mota a bayan gari, yake neman wadda za ta zauna da mahaifiyarsa. Ya dafa ƙirji ya ce in dai na riƙe tsohuwar da kyau, shi zai yi mini takardar zama da zarar gwamnati ta buɗe ƙofa.

Gidan tsohon gidan sarauta ne, matattakalarsa faɗi gare ta kamar titi, an yi mata ado da zane-zane, amma duk ya ɓanɓare, talakawa sun raba ɗakunan suna zaune. A can ƙoli tsohuwar take. Sunanta Asunta, gajeriya ce, yatsunta sun karkace saboda ɗinkin safar hannu ta fata da ta yi tun tana yarinya, don sana'ar unguwar ke nan a da. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ta daɗe rabonta da ƙasa. In tana son burodi sai ta zura kwando da igiya ta taga, kamar mai jan ruwa a rijiya, ta ƙwala wa mai shago kira ya saka mata.

Da farko ba ta so ni ba. Takan tura jakarta ƙarƙashin filo in na shigo, in na miƙa mata ruwa sai ta goge bakin kofin. Na yi mata wanka, na yanke mata farce, na koyi yarensu daga zagin da take yi mini.

Wata safiya na same ta a bakin taga tana kuka. Ƙawarta ta ƙuruciya ce ta rasu, ana wucewa da gawa ta ƙasa, ba halin ta sauka. Na dube ta, ba ta fi buhun gero ba. Na ciro zanena na atamfa daga jaka, na durƙusa na ce ta kama wuyana. Na goya ta kamar jaririya, na ɗaure tam, muka sauko. Muna fitowa lungu ya kaure da ihu, mata na leƙowa ta tagogi suna tafi, wasu na dariya har da hawaye. Ita kuwa tana bayana tana ɗaga musu hannu kamar matar gwamna.

Da muka dawo ta ce, "Daga yau ki riƙa ce mini Nonna." Wato Kaka.

Tun daga ranar na zama ƙafarta, ita ta zama idona. In na sauko da ita sai in ɗora ta a keken guragu mu shiga gari. Ta nuna mini doguwar hanyar nan miƙaƙƙiya da ta tsaga tsohon birni biyu, ta ce Girkawa ne suka shata ta tun kafin a haifi Yesu, kuma har yau a kanta ake tafiya. Ta ce ƙarƙashin ƙafarmu akwai wani gari na ramuka, inda aka sassaƙo dutsen da aka gina na sama, a ciki ta ɓuya tana ƙaramar yarinya lokacin da jiragen yaƙi ke ruwan bama-bamai. Ta kai ni lungun da masu sassaƙa ke yin 'yan gumakan haihuwar Almasihu rani da damina, da makiyaya da tumaki da mai sayar da kifi, duk ba su fi yatsa ba. A bakin teku ta nuna mini wata tsohuwar ganuwa da suke kira gidan ƙwai, wai wani masani na zamanin da ya ɓoye ƙwai a ƙarƙashinta, ranar da ya fashe garin zai rushe.

"Nonna, kin yarda da wannan?"

"Ban yarda ba. Amma kada wanda ya taɓa shi."

Ranar da ta fi muhimmanci a wurinta ita ce ranar waliyin garin. An ce an fille masa kai tun zamanin Rumawa, an adana jininsa a 'yar kwalba a babban coci, ya daskare ya yi baƙi. In ranar ta zo sai limamin ya ɗaga kwalbar yana juya ta, jama'a na jira ya narke. In ya narke, shekara ta yi kyau, in ya ƙi, sai a shiga zullumi. Ni da na taso a cocin da ko hoto ba ma ratayewa, na tsaya baki buɗe ina kallon tsofaffin mata suna yi wa waliyin tsawa ya yi sauri, kamar suna aiken ɗansu. Can sai aka kaɗa farin ƙyalle, cocin ya ɗauki sowa. Nonna ta damƙe hannuna ta sumbace shi.

"Ya narke, Rifka. Bana ba abin da zai same mu."

A cikin wannan shekarar ƙanwata Ladi ta kira ni ta ce Mama ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye.

Abin da na fi sani a duniya shi ne jinyar mai irin wannan ciwon. Na san yadda ake juya shi, da yadda ake ba shi kunu kada ya shaƙe. Sai ga ni ina koya wa Ladi ta waya, ita kuma ga goyo ga kasuwa. Da hannun da nake shafa wa Nonna mai a gadon baya nake riƙe waya ina kallon gyambon da kwanciya ta yi wa uwata. Na tare Ciro ranar Lahadi da ya zo cin abinci, na ce masa takarda fa, ina so in je in dawo.

"Ana kai, Rifka, ana kai. Kin san ofisoshin garin nan. Ke ai 'yar gida ce, zan yaudare ki ne?"

Ba takarda, in na fita na fita ke nan. Duk da haka na ce wa Ladi ta kara wa Mama waya a kunne, na ce zan taho. Bakinta ya karkace, da ƙyar nake gane maganar.

"Kada ki zo. Fili ya tafi. In kin zo, me yarinyar za ta ci?"

"Mama, ina so in gan ki."

"Kin gan ni ai. Zauna ki yi aikinki."

Na zauna. Da damina ta tsaya Mama ta rasu. A kicin ɗin Nonna na halarci jana'izarta, na jingina waya da kwalbar man zaitun, miya na tafasa a bayana. Na ga matan zumunta sun yi anko suna waƙa da Tangale, na ga Godiya a gefe an sa mata rigar da ta yi mata yawa. Ana ɗaga akwatin za a saka a rami sai hoton ya tsaya cik, sannan ya ɗauke. Da layi ya dawo har an fara watsewa.

Na yi kwanaki ba na magana. Nonna ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Wata safiya ta ce, "Ɗauko zanen."

Can ƙarshen unguwa ta sa na tura ta, inda gidaje suka ƙare a jikin tudu. Wani makeken kogo ne mai sanyi, suna kiransa Fontanelle. Da idona ya saba da duhu sai na ga abin da na ɗauka duwatsu ne ashe kawunan mutane ne, ƙoƙo a kan ƙoƙo, an jera su iya ganinka. Ta ce talakawan da annoba ta kwashe ne tun zamanin kakannin kakanni, aka zubo su nan ba suna ba dangi. Matan unguwa sukan zo kowace ta zaɓi ɗaya ta riƙe kamar nata, ta goge shi, ta yi masa ɗan akwati, ta kunna masa kyandir. Ta ce malaman coci sun hana, amma uwarta ba ta daina ba, don ɗanta, wan Nonna, ya tafi yaƙi ba a dawo da ko takalminsa ba.

Ta ciro hankici ta miƙo mini.

"Nonna, mu a wurinmu ba ma roƙon matattu."

"Wa ya ce ki roƙa? Taki uwar tana nesa, ba ki wanke ta ba. Wannan kuma nasa suna nesa. Goge masa ƙura kawai."

Na karɓi hankicin. Sannan na durƙusa gaban wani ƙarami da ke gefe, na goge goshinsa, na goge ramin idanun, na bi bayan kai a hankali kamar yadda nake wa marar lafiya. Kukan da ya ƙi zuwa a kicin a nan ya ɓalle, har mai gadi ya leƙo ya koma. Ban taɓa faɗa wa fastonmu wannan ba, kuma har yau ban san ko laifi na yi ba.

Nonna ta ƙara shekara biyu. Bayana ya fara ciwo, fitarmu ta ragu, daga baya ta tsaya. Wata safiya ina ba ta madara ta kawar da kai, ta kira ni da sunan uwarta, ta cika a hannuna. Ni na rufe mata ido, ni na yi mata wanka.

Bayan an binne ta Ciro ya zo da wani mai sayen gida suna auna ɗakuna. Na ce masa takardata fa. Bai iya kallona ba. Ya ce gaskiya bai taɓa kai maganar ko'ina ba, harajin da za a ɗora masa ya fi ƙarfinsa, shi ma yana da iyali. Ya ce in kwashe kayana kafin ƙarshen mako. Ranar da na sauko da jakata, ina tsakiyar lungu sai kwando ya sauko a gabana daga wata taga. Maƙwabciyarmu ce, wadda ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Burodi ne a ciki da cuku da rigar sanyi. Na ɗaga kai, ta riga ta rufe tagar.

Na koma wanke matattakala, amma bayana ya ƙi. Wanda duk ya ga ina dafa bango ba ya ɗaukata jinya. Na je wurin Malam Idi a bakin tasha, na same shi ya rame, yana tari, lemominsa na gabansa kamar ranar farko. Ya saurare ni har na gama.

"Ina da 'ya a Kumasi," in ji shi. "Tana rarrafe na baro ta. Yanzu 'ya'yanta uku, in na kira sai ta ce, Alhaji ina wuni, kamar mai gaida maƙwabci. Ni ko Makka ban je ba, ba ta dai san abin da za ta kira ni ba ne. Ni na makara, a nan za a binne ni. Ke tashi ki tafi tun yarinyarki tana gane muryarki."

Akwai wata ƙungiya mai mayar da waɗanda suka gaji gida. Ita ta sa ni a jirgi.

Gidanmu na Madaki na haya ne, an ba wasu tun bayan rasuwar Mama, don haka a wurin Ladi na sauka, a Shamaki. Mutane suka yi ta zuwa yi wa 'yar Italiya barka da zuwa. Sai su gaishe ni, idonsu na kan jaka ɗayan da ke bayan ƙofa, su ɗan zauna, su tashi. Cikin mako guda ƙafa ta ɗauke. Godiya ta dawo daga makaranta, ta kusa kamo ni tsawo, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Ma." Na jawo ta na rungume, ta tsaya ƙiƙam har na sake ta. Ladi take kira Mama.

Yanzu ina tsaron wani kemis a Madaki, ina yin allura da wankin ciwo. Wani lokaci masu saye sukan ce in ba su labarin Turai. In na fara maganar kogon ƙasusuwa ko jinin da ke narkewa sai su ga kamar zolaya nake, su abin da suke son ji shi ne yadda ake samun biza. Madam Esta ba ta ƙara zuwa Kirsimeti ba.

Ranar wata Asabar na roƙi Godiya ta bari in yi mata kitso. Ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafuna, wuyanta a sandare. Gashin mahaifiyata ne da ita, mai cika da taurin tsiya. Na tsaga, na shafa mai, na fara kamawa. Na kai rabi sai ta yi magana ba ta juyo ba.

"Ma, yaushe za ki koma?"

"Wa ya ce miki zan koma?"

"Ba kowa. Na ɗauka hutu kika zo."

"Kina so in koma ne?"

Ta shiga jan zaren tabarma. Daga can waje ana kiran sallar la'asar a masallacin unguwa, yaran Ladi na faɗa a kan bokiti.

"Lokacin da kike can ba a taɓa koro ni daga makaranta ba," in ji ta a hankali. "Kuma kullum Lahadi kina kirana mu yi ta hira. Yanzu ba kya cewa komai."

Na ɗauki matsefi na sake tsaga.

"Sunkuyar da kanki," na ce. "Ban gama wannan layin ba."